Kan jirgin wasa na Hornby Dublo ya ƙi tashi, wa ya san gyaransa?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara kan wani ƙaramin kan jirgin ƙasa na wasa da kakanmu ya bari. Shi marigayin ya yi aiki a layin dogo a Ƙauran Namoda, inda jirgi ya tsaya tun 1929 bai ƙaraso mana Sakkwato ba, kuma wani Bature da suka yi aiki tare ne ya ba shi da zai koma gida. Kan jirgin baƙi ne, na ƙarfe, yana da nauyi a hannu. Manyan tayoyi shida, ƙanana biyu a baya. A gefe an rubuta British Railways, a ƙasa kuma Hornby Dublo da Meccano.

Ya taɓa faɗowa daga kan kabad, sandar da ke haɗa tayoyin gefe ɗaya ta lanƙwashe. Ƙanena ya jona shi da batirin mashin, sai ya yi ƙugi, ya ɗau zafi, bai motsa ba. Ni dai so nake in ga ya yi tafiya, don mahaifiyarmu ta ce tana yarinya ta gan shi yana zagaye a tsakar ɗaki. Ina kuma tunanin kai shi wurin mai fenti. Ta ina zan fara?

Mai Gyaran Waya, Gawon Nama:
Wa'alaikumussalam. Don Allah ku raba shi da batirin nan. Gaskiya ne bolt 12 na DC yake ci, amma batirin mashin ba ya da birki, in injin ya cije sai ya yi ta tura wuta har koyil ya ƙone. Ka sami mai gyaran waya da ke da na'urar ba da wuta mai nuna amfiya, a fara daga bolt 4 ana ƙarawa a hankali.

Kife shi ka duba. In ka ga wani ƙarfe mai tudu biyu tsakanin tayoyi, to mai layi uku ne, wato wanda ke ɗaukar wuta daga layi na uku da ke tsakiya: waya ɗaya kan ƙarfen, ɗayar a jikin shasi. Kamfanin Meccano da ya ƙera shi sai 1959 ya fara mai layi biyu. In ka ɗora mai layi uku a kan layi biyu, shot kawai zai yi.

Baba Mai Agogo:
Ɗana, Allah shi jiƙan kakanka. Shekaruna da yawa ina buɗe agogo, kuma ciwon wanga abu da na tsohon agogo duk ɗaya na: man da anka sa mai tun can ya bushe, ƙurar hunturu ta shiga ta cakuɗe da shi, ya daskare. Shi ya sa shina ƙugi ba ya juyawa.

Shimfiɗa farin ƙyalle cikin tire kafin ka kwance ko sukuru guda, don in sifirin ɗin kabon (ɗan gawayin da ka kai wuta cikin injin) ya yi tsalle ba ka sake ganinai. Ɗauki hoto a kowane mataki. Wanke haƙoran giya da sifirit da tsohon buroshin haƙori. Inda kabon biyu ke gogar jan ƙarfen amecha, wato sashen injin da ka juyawa, akwai tsaga uku sirara, baƙin gari ka cika su, ka sakace su da tsinken sakace. Kada ka sa allura, tana karce shi. Sanfefa kau kada ta kusanci tayoyi.

Mai kuwa, na keken ɗinki ya isa, ɗigo guda a bakin tsinke ga kowace gaɓa. Yara na son tuttula mai, alhali in ya taɓa kabon hayaƙi za ka gani. Sandar nan ka cire ta, ka sa ta tsakanin katako biyu masu laushi ka matse sannu-sannu. Guduma ba ta da aiki a nan.

Fenti kuma ban yarda ba. Wanda ya san darajar kayan ga ya fi son tsohon fenti da tabonai bisa ga sabo mai ƙyalli. Tsumma mai ɗan laima ya wadatar, kuma kada ka dirje rubutun.

Malama Hajara, Arkilla:
Abin da Baba ya faɗa haka yake, sai dai a ƙara maganar maganaɗisu. Na irin waɗannan injuna yana rauni da tsufa, yana kuma ƙara rauni in aka zare shi daga mazauninsa. In ya yi rauni injin zai riƙa jan wuta da yawa, ya yi zafi, ƙarfi babu. Saboda haka kada ka cire shi sai dole. Ana sayar da sabo na neodymium, wani irin maganaɗisu mai ƙarfi, daidai girmansa a intanet. A auna amecha da mita ma: tsakanin ɓangarorin jan ƙarfen nan uku ya kamata karatun ya zo kusan ɗaya.

Ka kuma duba shasi ko akwai tsagewa ko kumburi, domin ƙarfen gamin tutiya ne, wani yakan ruɓe da kansa. Na kafin yaƙin duniya na biyu sun fi wannan ciwo. Naka tunda yana ɗauke da sunan British Railways, hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya da aka kafa a 1948, da sauƙi.

Ɗan Mabera:
Allah ya saka muku da alheri. Baba, na bi maganarka, fenti na fasa. Mai layi uku ne. Mun wanke giya, mun sakace tsagogin, mun miƙe sandar, kuma a bolt 6 tayoyin suka fara juyawa, har mahaifiyarmu ta taso ta tsaya a kanmu. Yana ɗan ɗumi bayan minti biyu, don haka Malama zan nemi maganaɗisun. Saura layi: guntaye huɗu kawai na samu a akwatin, duk sun yi tsatsa. Akwai wanda ya san inda zan sami layi uku mai faɗin milimita 16.5, ko a Kano ne ko Kaduna?