Taƙaitawa: Kula da Kulorin a Ruwan Ninƙaya

'Yan'uwa masu kula da wuraren ninƙaya a Legas, ga abin da na tsinta daga bayananku kan amfani da kulorin, wato sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa:

1. Baki ya zo ɗaya: kulorin ya tsaya tsakanin ppm 1 zuwa 3 (ppm ma'aunin yawansa ne a ruwa, kashi cikin miliyan), pH kuwa (ma'aunin tsamin ruwa) 7.2 zuwa 7.8. A auna kullum, musamman bayan ruwan sama mai ƙarfi.

2. A zuba kulorin da yamma, domin rana tana cinye shi.

3. Wari mai ƙarfi da jan ido galibi ba yawan kulorin ba ne. Ya gauraya ne da gumi da fitsari, ƙarin kulorin ruwan yake nema.

4. An rabu kan kulorin na gari da na ƙwaya. Wasu sun ce ƙwaya ta fi daɗewa, wasu sun ce gari ya fi saurin kashe gansakuka.

5. Wannan ya fi damuna: don Allah kada a haɗa kulorin da asid, iskar da ke tashi tana iya kisa.