Yarima Ya Ɓad Da Kama: Musayar Waƙa

Malam Na-Ƙofa:

Assalamu alaikum, ma'abota alƙalami. Ƙarshen shekara ya ƙarato, Hallmark da Netflix, kamfanonin nuna finafinai na Amurka, sun fara sako finafinan yarima da 'yar talaka kamar yadda suka saba. Duk wanda ya kalli biyu ya san na uku. Ga buɗi da ƙwar biyu, amsa-amona "wa". Mai amsawa ya zaɓi nasa.

Da sunan Allah zan fara,
Ya ba ni basirar tsarawa.

Ku matso mu zauna kan zancen
Da akwatin kallo ke nunawa.

Ƙasa ce 'yar mitsitsiya can,
A taswira babu mai ganowa.

Tana tsakanin duwatsun Turai,
Ƙanƙara kullum na zubowa.

Sarkinta ya rasu tun bara,
Karaga na jiran mai hawa.

Yarima ya ce shi bai shirya ba,
Ya ɗau jakarsa sai tserewa.

Ya sauka Amurka da dare,
Ba dogari, ba mai rakowa.

Ya sa hula, ya sa tabarau,
Har sunansa yana sauyawa.

Ga yarinya mai gashin burodi,
Bashin haya na ta hauhawa.

Suka yi karo a bakin ƙofa,
Ta watsa wa rigarsa gahawa.

Ta zazzage shi, ya yi shiru,
Tun da yake ba mai yi masa tsawa.

Daga nan zuciya ta kamu,
Ku ɗora, ni nan nake tsayawa.

'Yar Birni:

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka bar mini ɓangaren fada, kuma shi na fi so. Ƙwar huɗu, da "ta".

Malam, na karɓa, na gode,
Asirin yarima ya buɗe,
Ta ga hotonsa, ta ruɗe,
Jarida na rawa a hannunta.

Ya ce, "Ki yafe, ki bi ni gida,"
Jirgi ya ɗauke su zuwa fada,
Ma'aikata sun jeru bisa ƙa'ida,
Sarauniya ko kallo ba ta yi mata.

Wajen cin abinci ga cokula,
Wanne ne na miya? Ba ta kula,
Ta ɗau na kifi, ta sha wahala,
Manyan baƙi na ƙus-ƙus a kanta.

Ga wata 'yar sarauta mai ji da kai,
Tun yarinta aka ce ita ce dai,
Ta ga baƙuwa ta ce, "Kai, kai!"
Ta shiga haƙa ramin mugunta.

Sai ƙanwar yarima 'yar ƙarama,
Da tsohon hadimi mai hikima,
Suka koya mata gaisuwar girma,
Da takun rawa, da riƙe harshenta.

Daren liyafa ta sauko bene,
Taro ya yi tsit, na tsaye da na zaune,
Yarima ya ce, "Ko mafarki ne?"
Ya bar kowa ya nufi wajenta.

Ɗan Damagaram:

Yaya, kin sauƙaƙe mini. Daga nan gangare ne har ƙasa.

Washegari 'yan jarida sun taru,
An ɗauki hoto an haɗa da ƙarya.

Ta haɗa kayanta cikin kuka,
Ta nufi filin jirgi ita ɗaya.

Yarima ya hau doki ko mota,
Yana ratsa ƙanƙara ba waiwaya.

Can a ɗakin littattafan fada,
Hadimi ya ci karo da wasiyya.

Marigayi sarki ne ya rubuta:
"Ɗana ya auri zaɓin zuciya."

Majalisa ta sa hannu nan take,
Sarauniya ta sauko, har da dariya.

Jajiberin Kirsimeti a naɗa, a ɗaura,
Ƙurunƙus, an kai ƙarshen tatsuniya.

Baba Mai Tarihi:

'Ya'yana, kun tsara daidai. Wasiyyar nan ce ke tsaya mini a rai. A fim kullum ana tsintar wata takarda da za ta share hanya, kowa ya samu abin da yake so ba tare da ya rasa komai ba. A gidajen sarautar gaske wani ne ke biyan kuɗin, kuma da tsada. Ga biyu.

Edward na Takwas a Ingila,
A 1936 ya shiga matsala,
Son Wallis ya zame masa fitila,
Gwamnati da coci ba su yarda ba.

Ba'amurkiya ce, ta yi aure biyu a baya,
Aka ce ya zaɓa, mulki ko soyayya,
A Disamba ya sauka, ya ba ƙaninsa hanya,
Bai cika shekara a karaga ba.

A Faransa aka je aka ɗaura,
Dangi duk suka yi masa ƙaura,
Can ya tsufa, can ya ƙarasa saura,
Bai sake zama a ƙasarsa ba.

Ku dubi Seretse Khama ma,
Magajin sarautar Bangwato mai girma,
A Landan ya ga Ruth, so ya kama,
A 1948 ba su jira izini ba.

Ita Baturiya, akawu a kamfani,
Afirka ta Kudu mai wariyar launi
Ta matsa wa Ingila dare da yini,
Aka kore shi daga ƙasarsa, bai yi laifi ba.

Sai a 1956 ya koma gida,
Bayan ya ajiye haƙƙinsa na fada,
A 1966 Botswana ta yarda,
Shugaba ya zama, ba sarki ba.

Uwar Biyu:

Baba, a gafarce ni, ina da ja. Ni ina cikin masu kallon nan, kuma da zuciya ɗaya nake kallo.

Baba, Allah ya ƙara nisan kwana,
Bari in faɗi abin da ke raina.

Na san ƙarshen tun daga farko,
Sanin ne ma ke jan hankalina.

In na dawo aiki da magariba,
Na sauke tukunya, na kwantar da yarana,

Labarai duk yaƙi ne da tsada,
Ba na son ƙarin nauyi a ƙirjina.

Ina son awa ɗaya da rabi
Da mugu zai ji kunya a kan idona,

Inda yarinya ba ta da kowa,
Amma gaskiyarta ta yi mata rana.

Kuma tarihin ba duka ne kuka ba,
Ga Mary 'yar Tasmaniya, ka ji batuna.

A Sidni, lokacin Olamfik na 2000,
Ta gaisa da Frederik, ba ta san matsayinsa ba sai da aka nuna.

A 2024 ta zama sarauniyar Denmark,
Abin da fim ke faɗa ya faru da rana.

Ga Daniel, mai horar da motsa jiki,
Ya auri Gimbiya Victoria ta Sweden a 2010, ana murna.

Alƙalamin Zazzau:

Yaya, hujjarki ta hutu na karɓe ta hannu biyu. Abin da ke damuna shi ne, a fim da a zahiri, yawanci macen ce ake sassaƙawa har ta dace da gidan. Kuma fim yana tsayawa ranar biki, ranar da aikinta ke farawa.

Yaya Uwar Biyu, na ji batunki,
Ba na raina hutun ranki,
Amma Mary da ke cikin zancenki,
Duba abin da ta bari kafin a ɗaura.

Ta ajiye fasfonta na Ostireliya,
Ta koyi harshen Denmark da wuya,
Ta sauya coci, ta bar dangi a baya,
Shi yarima me ya bari? Ki lura.

A Japan ga Masako mai ilimi,
Daga Harvard ta fito da alƙalami,
Ta bar aikin jakadanci don jarumi,
A 1993 zaman fada ta fara.

Aka zuba mata ido kan haihuwa,
Shekara takwas ana ta ƙirgawa,
Ta haifi Aiko, aka ce mace ba ta hawa,
Namiji dai fada take jira.

Damuwa ta kwantar da ita shekaru,
A 2004 fada ta faɗi abin da ya faru,
Ta rage fita inda jama'a suka taru,
Nan fim ke yankewa ya tsallake saura.

Sai Mako, 'yar ƙanin sarki,
Ta so Komuro, abokin karatu, ba jinin sarki,
Dokar 1947 ta ce ba sauƙi,
Gimbiyar da ta auri talaka sai ƙaura.

A Oktoban 2021, ba biki, ba taro,
Bayan shekaru jaridu na mata horo,
Ta ƙi kuɗin sallama, ta fita ba tsoro,
Ba hadimin da ya zo da wasiyyar gyara.

Ɗan Kasuwar Kurmi:

Ni ba ta amarya nake ba. Ta mutanen garin nake, waɗanda ake nunawa daƙiƙa biyu suna tafi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya,
Ƙasar kamar ba ta da talaka.

Kowa na murmushi a kasuwa,
Ba mai bin bashi, ba mai kuka.

Ba a faɗin wa ke biyan haraji
Da ake kunna fitilun nan duka.

Shi ya sa ake ƙirƙiro ƙasar,
Ba tarihi, ba yaƙi, ba mulkin mallaka.

Ginin kuwa na gaske ne, Peleș a Romaniya,
Nan ake kai kyamara a ɗauka.

Sarkin ƙasar na ƙarshe, Michael,
A 1947 aka tilasta masa sauka.

Waɗanda suka rabu da sarki tun 1776,
Su ke sayar da mafarkin, 'yan Amurka.

Tun Grace Kelly ta auri Rainier na Monaco
A 1956, suke ta maimaita shi haka.

An ɗauki yarinya ɗaya an kai ta fada,
Dubbai na waje da tuta da waƙa.

'Yar Birni:

Ɗan'uwa, kada mu jibge wa Turawa kayan duka.

In an cire ƙanƙara da gahawa,
Zancen nan yana cikin finafinanmu.

Ɗan sarki ya ajiye alkyabba,
Ya ga mai tallan fura a unguwarmu.

Fulani ta ce ba ta san zancen ba,
Jakadiya na kai rahoto, mun sani dukanmu.

Tun kafin talabijin ya zo gari,
Kakanni sun ba mu shi a tatsuniyoyinmu.

'Yar bora ce ke auren ɗan sarki,
'Yar mowa na cizon yatsa a gabanmu.

Baba Mai Tarihi:

'Yata Uwar Biyu, na ji ki, Allah ya yi albarka. Tun da kin ce ba duka ne kuka ba, ga wanda ya ƙare da daɗi, sai dai ki ƙirga shekarun da ya ci.

Harald na Norway, ɗa namiji tilo,
Shi kaɗai ne magajin mahaifinsa.

A 1959 ya haɗu da Sonja,
'Yar mai shagon tufafi, ta shiga ransa.

Sarki Olav ya ja baya da maganar,
Yana tsoron abin da ƙasa za ta ce masa.

Shekara tara suna a haka,
Ita tana karatu, shi yana aikinsa.

Daga ƙarshe ya gaya wa uban a fili,
In ba Sonja ba, zai zauna tuzuru abinsa.

In ya mutu tuzuru gidan ya ƙare,
Ba mai hawa karaga a bayansa.

Olav ya nemi shawarar gwamnati,
Sannan ya sa albarka da bakinsa.

A Agustan 1968 aka ɗaura a Oslo,
Sarki da kansa ya riƙo ta zuwa ga ɗansa.

Mahaifinta ya riga ya rasu,
Surukin da ya ƙi ta ya tsaya a madadinsa.

Uwar Biyu:

Amin, Baba, na gode.

Baba, irin wannan nake nema,
Ko awa uku ne zan yi zama.

A nuna mini shekara ta biyar,
Ana bikin ƙawaye, ita tana fama.

A nuna dangi suna tambaya,
"Har yaushe za ki jira mai girma?"

A nuna Mako a kantin New York,
Tana cefane da kanta, ba hadima.

Na daren yau kuwa zan kalle shi,
In yara sun yi barci na samu dama.

Ɗan Damagaram, kai ka ce ƙurunƙus,
Washegarin biki muke so, sai ka kama.

Ƙanina, amsa-amonka "ci", kuma ƙwar huɗu muke so wannan karon. Ka fara daga lokacin da sarauniya ta aiko a tashe ta da asuba.