Dabbar bifa: me ya sa ake sakinta a Ingila amma ake kashe ta a Ajantina?

Baban_Walida:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin dabbobi da muhalli a warware min wani abu da ya ɗaure min kai. Dabbar nan bifa mai faffaɗar wutsiya da ke sare bishiya da haƙori tana datse rafi, a Ingila gwamnati ta ba ta kariya ta doka tun 2022 har ana sakinta a koguna ana murna, wai tana rage ambaliya. To amma kuma a can ƙarshen Kudancin Amurka, Ajantina da Chile, neman yadda za su ga bayanta suke yi gaba ɗaya. Dabba ɗaya fa. Shin wasu ne ba su san amfaninta ba ko yaya abin yake?

Malam_Daji:
Wa alaikumus salam Baban Walida. Duka ɓangarorin biyu sun san abin da suke yi. A Ingila ai gida ta koma, dama can akwai ta, farauta ce ta ƙarar da ita ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Ita kuwa Tierra del Fuego, tsibiran nan na can ƙasa da Ajantina da Chile suka raba, tunda aka halicce su ba a taɓa ganin bifa ba sai 1946 da gwamnatin Ajantina ta sa aka ɗauko guda 20 daga Kanada aka sake su kusa da tafkin Fagnano, wai don a kafa sana'ar fata. Aka kuma hana farautarsu shekara da shekaru don su hayayyafa, ita sana'ar fatar ba ta je ko'ina ba, su kuma suka yi ta haihuwa babu mai ce musu kanzil, don a Kanada namun daji irin su kyarkeci da beya (bear) na cinsu amma a tsibirin babu ko ɗaya. Yanzu ƙiyasi ya nuna sun doshi dubu 100 ko ma sun wuce.

Amma babbar matsalar ba yawan ba ne, itatuwan ne. A Kanada irin bishiyoyin bakin ruwa da take ci, kamar wilo da aspen, in ta sare su sai kututturen ya sake tofo, kuma suna jure zama cikin ruwa, sun saba da ita tun fil azal. Bishiyoyin Tierra del Fuego irin su lenga ba haka suke ba. Lenga in an sare ta shikenan ta tafi, in ruwa ya kwanta a gindinta saiwar ta ruɓe, ga shi kuma girmanta a hankali ne saboda sanyin wurin, bishiyar da ta shekara sama da ɗari tana tsaye bifa za ta kayar da ita cikin 'yan kwanaki. Ka nemi hotunan wurin ka gani, kwari guda cike da matattun bishiyoyi farare fat a tsaye cikin ruwa ba ganye ko ɗaya, wasu an gwaguye gindinsu ya yi tsini kamar an feƙe fensir. Ko bayan ta bar wurin madatsar ta fashe ruwa ya janye, daji ba ya dawowa da wuri, ciyawa ce ke mamaye filin, galibi ma ciyawar baƙuwa ce.

Ummu_Sultan:
Ni dai wallahi tausayi suke ban. Su suka kai kansu? Mutum ne ya ɗauko su a jirgi don kwaɗayin kuɗi, yanzu kuma a ce a kashe su duka. Me zai hana a kama su a mayar da su Kanada tunda can ne gidansu

Malam_Daji:
Hajiya maganarki na kan hanya ta fuskar laifi, ba su da laifin komai, aikinsu suke yi. Amma kama dabba dubu ɗari da rai a cikin duwatsu da fadamun da mota ba ta shiga a yi jigilarsu zuwa wancan ƙarshen duniya, wa zai biya? Kuma Kanada ba ta rasa bifa ba, miliyoyi gare ta. Sannan in ana maganar tausayi a tuna da kifaye da tsuntsaye da ƙwarin da rayuwarsu ta dogara da rafi mai gudu da inuwar daji, su ma fa halittu ne kuma ba su da wani wurin zuwa.

Injiniya_Sabo:
Bari in ƙara ta ɓangarenmu na masu aikin hanya. Dabbar nan jin ƙarar ruwa na gudu kawai ke tayar mata da tsimin gini, to kwalbati a wurinta aikin da aka riga aka yi mata rabi ne, sai ta cusa rassa da laka da duwatsu a bakinsa cikin dare, ruwa ya taru ya haura kan titi ya cinye gefensa. Makiyayan tumaki na tsibirin ma suna kuka da ita, tana malale musu makiyaya da ruwa tana lalata shinge.

Ni abin da ya fi ban mamaki ma yadda ta bazu. Ta ƙetare mashigin Beagle ta shiga tsibirin Navarino na Chile a shekarun 1960, ruwan teku ne fa mai gishiri mai ɗan karen sanyi, zuwa shekarun 1990 an ganta a babban yankin ƙasar Chile kudu da birnin Punta Arenas, wato ta haye mashigin Magellan kenan. Abin da ya tayar da hankalin hukumomi kenan don daga nan dajin Patagoniya, wato yankin kudancin Ajantina da Chile, a buɗe yake har arewa. A 2008 ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar kawar da ita, an yi gwaji a wasu 'yan rafuka an kuma ci nasarar share su da tarko, amma in ba a ci gaba da sa ido ba sai wasu su dawo daga rafin maƙwabta, don 'ya'yan in sun kai kamar shekara biyu barin gida suke su nemi nasu wurin. Abin dariya kuma wurin wasan ƙanƙara na kusa da birnin Ushuaia na Ajantina sunan dabbar aka sa masa, Cerro Castor (castor shi ne bifa da Sifaniyanci), har masu yawon buɗe ido ake kaiwa kallonta.

Baban_Walida:
Ikon Allah, na gode ƙwarai Malam da Injiniya. To ita ta Ingilar iri ɗaya ce da ta Kanadar?

Malam_Daji:
A'a, iri biyu ne, ta Turai daban ta Amurka daban, a ido da ƙyar ka bambance su amma ba sa haihuwa da juna. Finland ta faɗa wannan ramin, tasu ta ƙare sai suka kawo ta Turai daga Norway a 1935, a 1937 kuma suka ƙaro guda 7 daga Amurka a zatonsu duk ɗaya ne. Sai a shekarun 1970 bincike ya tabbatar ba haka ba ne, lokacin ta Amurkar ta riga ta yi nisa don ta fi haihuwa da yawa, har yau ita ta fi yawa a ƙasar, ta kuma tsallaka iyaka ta shiga yankin Kareliya na Rasha.