Gidaje sun fi mutane yawa: ya kuke yi da kangwaye?

Ɗan Amchide: Salamu alaikum 'yan uwa. Ku da kuka koma gida bayan gudun Boko Haram na 2014, ya kuka tarar da unguwanninku? Mu nan Amchide, a Kamaru kan iyaka da Najeriya, a layinmu gida uku kaɗai ake kwana. Sauran duk kangwaye, tumfafiya ta fito har tsakar ɗaki, macizai kuma sun samu wurin zama. Kasuwar da ke haɗe da Banki ta ɓangaren Najeriya ta fara motsi, amma bayan gari shiru.

Hajiya Mai Ƙosai: Wa alaikumus salam. Mu a Fotokol ruwa ne damuwarmu. Famfon da aka gyara mana yana can unguwar da ta watse, wai da can nan ne jama'a suka fi yawa. Mu da muka taru kusa da gadar Gamboru sai yara su tura baro su je su ɗebo. A ƙidaya masu kwana a gari yau mana, ba na da ba.

Malam Tela: Hajiya kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Lawan ɗinmu, wato mai unguwa, ya ce duk wanda ke gefe shi kaɗai ya matso tsakiya, ya shiga gidan da babu kowa. Na shiga na wani bawan Allah, na yi yaɓe, na sa kwano da ƙyaure. Ana gama damina sai ga shi daga Mora da iyalinsa. Gidansa ne, ba gardama, amma kuɗin kwanon har yau muna kai ruwa rana.

Injiniya: Malam, abin ba a nan kaɗai ba. Detroit a Amurka ta kai mutum miliyan 1.8 a 1950, a 2020 ba ta kai dubu 640 ba. Hukumomin birnin sun rushe dubban gidaje, suna sayar wa maƙwabci filin gefensa dala 100 ya kula da shi.

Ɗan Amchide: Ranka ya daɗe, su can masu gidan sun bar shi har abada. Namu suna Marwa da Kusiri, suna bugo waya suna tambayar ko katanga ta faɗi. Wa zai rushe gidan marayu?

Malam Tela: Rushewa kam a'a. Aro dai, amma da takarda gaban lawan da shaidu biyu, a rubuta wa zai biya gyara in mai gida ya dawo. Ƙanena da zai shiga gidan maƙwabcinsa haka na sa ya yi.