Neman shawara: zan yi wa yarona allon tarihin 'yan wasan Chiefs, waɗanne alƙaluma zan sa?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara shida ke nan muna zaune a Kansas City, kuma babban ɗana mai shekara goma sha uku ya shaƙu da ƙwallon Amurka sosai. Ni ƙwallon ƙafa na tashi da ita, wannan tasu da kyar nake gane ta. Ina so in yi masa allo na rataya a ɗakinsa mai ɗauke da bajintar 'yan wasan Chiefs, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta garin, don mu samu abin hira ni da shi. Matsalata ita ce duk inda na duba sai in ga Patrick Mahomes, mai jefa musu ƙwallo, ne a sama. Shin in cika allon da shi kawai, ko akwai na baya da ya kamata yaron ya sani? Kuma yaya ake kwatanta na da da na yanzu ba tare da an zalunci kowa ba?

Kawu Garba:
Wa alaikumus salam. Allah ya raya shi. Mahomes ya cancanci wurinsa, babu musu. A 2018 ya jefa ƙwallo yadi 5,097 kuma sau 50 jifarsa tana kaiwa ga cin maki, sannan ya ɗauko wa ƙungiyar kofin Super Bowl, wato kofin zakarun gasar NFL, har uku, a 2020 da 2023 da 2024. Amma ƙanina, kada ka ajiye alƙalumansa kusa da na Len Dawson, mai jefa musu ƙwallo na da, ba tare da ka rubuta shekaru ba. Dawson ya yi wa ƙungiyar yadi 28,507 da jifa 237 masu cin maki, kuma sai a 2024 Mahomes ya wuce shi a duka biyun. A zamanin Dawson wasa 14 ake bugawa a kaka. An mayar da shi 16 a 1978, aka ƙara zuwa 17 a 2021. A 1978 ɗin kuma aka taƙaita yadda masu tsaro ke tare mai karɓar ƙwallo, jifa ta yi sauƙi. Dawson ne ya kawo musu kofin farko a Janairun 1970, aka shekara hamsin kafin a sake ganin wani. Ka sa yawan wasannin kaka a ƙarƙashin kowane suna, yaron zai gane da kansa.

Maman Hafsat:
Yaya, don Allah kada ka manta da Christian Okoye. Haifaffen Enugu ne, ya buga wa Chiefs daga 1987 zuwa 1992, kuma a 1989 shi ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar gaba ɗaya, yadi 1,480. Yarana sun ji daɗi ƙwarai ranar da suka san ɗan Najeriya ya taɓa yin haka a garin da suke zaune.

Abu Fatima:
Ni abin da nake so ya shiga allon shi ne wasan Derrick Thomas na ranar 11 ga Nuwamba 1990. Sau bakwai ya kayar da Dave Krieg, mai jefa ƙwallon Seattle, kafin ya saki ƙwallo, kuma har yau babu wanda ya kai haka a wasa ɗaya. A bugun ƙarshe hannunsa ya kai ga Krieg a karo na takwas, sai mutumin ya kuɓuce masa ya jefa ƙwallon da ta ba Seattle nasara da maki 17 da 16. Ka duba fa, ranar da ya kafa tarihi ita ce ranar da aka ci su a gida. Thomas ya rasu a Fabrairun 2000 bayan haɗarin mota, yana da irin wannan kayarwa 126.5 a rayuwarsa ta wasa. Rabin nan ba kuskure ba ne, idan mutum biyu suka haɗu suka kayar da mai jifa ana raba musu ne. Sai ka sani kuma a 1982 aka fara ƙirga ta a hukumance, shi ya sa masu tsaron zamanin Dawson ba sa fitowa a jerin.

Kawu Garba:
Na ƙara maka biyu. Jamaal Charles ne kan gaba wajen gudu da ƙwallo a tarihin ƙungiyar, yadi 7,260. Travis Kelce kuma ya yi kaka bakwai a jere, 2016 zuwa 2022, kowace yana haura yadi 1,000 na karɓar ƙwallo. Amma alƙaluman duk wanda bai yi ritaya ba ka rubuta su da alli ko fensir, ka bar gurbin gyara.

Baban Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan raba allon gida biyu, na da da na yanzu, in sa Okoye a tsakiya. Labarin Thomas kuwa ba zan rubuta shi ba, da bakina zan ba shi ranar Lahadi kafin a fara wasa.