Tambaya game da sinadarin salisilik da ke cikin maganin makero

Uwar gida, Gusau:
Assalamu alaikum. Ɗana ya kamu da makero a hannu, mai kemis ya ba ni man shafawa na Whitfield, kuma da na duba kwalin sai na ga sunan salisilik asid, wanda na taɓa gani a jikin sabulun kurajen fuska na 'yata. Wata maƙwabciyata ta ce ai asfirin ne kawai, in daka ƙwayar in kwaɓa da man kaɗanya. Malamai, shin gaskiya ne?

Malamin kimiyya, Ƙaura Namoda:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. Dangi ne, amma ba abu ɗaya ba ne. Salisilik farin gari ne mai siraran ƙwayoyi kamar allura, yana narkewa a zafin digiri 159 na ma'aunin Salsiyas, ba ya narkewa sosai a ruwan sanyi, sai dai a barasa ko mai, shi ya sa yake iya kutsawa cikin ƙofofin fata masu maiƙo. Daga ɓawon wata bishiya da Turawa ke kira wilo aka fara samo shi, kuma a shekarar 1897 ne Felix Hoffmann na kamfanin Bayer a Jamus ya sarrafa shi ya zama asfirin, domin asalin sinadarin yana ƙona ciki idan aka sha. Ki bar dakan ƙwayar nan, domin ba ki da hanyar sanin ƙarfin abin da kika haɗa.

Ma'aikaciyar jinya, Talata Mafara:
Aikin salisilik shi ne ya tausasa matacciyar fata ta saɓule, don abokin haɗinsa, benzoyik asid, ya isa inda cutar take. A man Whitfield salisilik kashi 3 ne cikin ɗari, a maganin kurajen fuska yawanci bai wuce kashi 2 ba. Abin da ke damuna, 'yar'uwa, shi ne yadda iyaye ke lafta wa yaro shi a jiki duka, alhali fata tana tsotse shi, har ya kawo jiri da ƙarar kunne. Ki tsaya a kan tabon kawai. Idan kuwa makeron ya hau kai, shafawa ba ta isa, sai likita ya rubuta na sha.

Dattijo, Tsafe:
Ina ƙara jan kunnen masu ciwon suga irina: kada mu shafa mai ƙarfinsa a faso ko kantar ƙafa lokacin hunturu, domin yana iya buɗe ciwon da zai daɗe bai warke ba.