Wanda Kano Za Ta Miƙe Masa

Tela na Fagge:
Assalamu alaikum. Ga wani tsohon zance na ƙauyenmu, can gabas da birni ta wajen Gezawa, tun ina yaro nake jin sa a bakin tsofaffi. Na zuba shi a ƙwar biyu, amsa-amo "wa". Mai amsa ya amsa da baiti, don Allah ban da dogon wa'azi.

Da sunan Allah zan buɗe baitina,
Mai ba da girma, Shi ke karɓewa.

Salati ga Manzo ɗan Amina,
Da iyalansa har masu biyowa.

Ƙauyenmu da rijiya gindin tsamiya,
Kakan kakana ya taras ana ɗebowa.

Wai wani malami, matafiyin ƙafa,
Makka ya nufa, ya biyo wucewa.

Rana tsaka, ƙishi ya kama shi,
Ya tsaya bakinta yana dubawa.

Wata yarinya ta miƙa masa guga,
Ya sha ya ƙoshi, yana godewa.

Ya ce: a cikin jikokin da za a haifa,
Akwai wani babba da ke nan zuwa.

Ranar da zai ratsa birnin Dabo,
Kano gaba ɗayanta sai miƙewa.

Bai faɗi suna ba, bai nuna gida ba,
Ya saɓa gafakarsa, ba waiwayowa.

Tun ran nan in an yi haihuwa a garin,
Tsofaffi kan taru wajen leƙawa.

Gidan maigari sun ce jininsu ne,
Gidan liman na ta musantawa.

An fasa aure a kan wannan zance,
Har yau gida biyun ba sa gaisawa.

Ni dai na zo birni neman abinci,
Ina Fagge, keke nake takawa.

To masana, wane ne wannan babba?
Ya zo ya wuce ne, ko yana tahowa?

Alhaji na Kwari:
Wa alaikumus salam. Ni ɗan kasuwa ne, ba na ɓoye farashi.

Ƙanena tela, kwantar da hankalinka,
Tambayar nan ba ta da ɗaurewa.

Birnin nan tun zamanin fatake,
Ciniki ne ke sa shi motsawa.

Rumfa ya kafa Kurmi, ayari ya samu zango,
Daga Agadas da Gwanja ana saukewa.

Gishirin Bilma, goro a huhu,
Turkuɗin Kura kuma ana fitarwa.

Ka dubi Alhassan Ɗantata na Koki,
A Bebeji aka haife shi, ba ɓoyewa.

Ɗan ƙauye ne, ya bi hanyar goro,
Gyaɗa ta zo, ya yi dala ana kirgawa.

Ka ce da mutanenku su bar leƙen jarirai,
Su turo yaro Kwari ya koyi sayarwa.

Ranar da ya tara, ya fitar da zakka,
Ka zo ƙofar gidansa ka ga miƙewa.

Tun 1955 Alhassan ya rasu, har gobe sunan bai kwanta ba. Na rufe shago.

Malam na Madabo:
Allah ya yi muku albarka. Na riƙe muku "wa" ɗinku, amma a ƙwar huɗu zan zo.

Alhaji, gafara, zan ɗan taɓa ka,
Layin zakka ba ya zama shaidarka,
Mai yunwa kan miƙe don buhunka,
Buhu na ƙarewa, sai watsewa.

Kai kuma ɗana, ga gargaɗina,
Kafin in shiga cikin bayanina,
Gaibu na Allah ne, shi ne imanina,
Bawa ba ya sani sai da sanarwa.

Birnin nan ma an taɓa yin irinsa,
Barbushe na Dala da jama'arsa,
Tsumburbura ce abar bautarsa,
Shi kaɗai ke shiga, saura na tsayawa.

Ya ce: wani zai zo ya mallake ku,
In bai riske ku ba, zai riski 'ya'yanku,
Ya ɗaukaka nasa, ya manta da naku,
Suka ji, gabansu ya shiga faɗuwa.

Bagauda ɗan Bawo ya zo ya sauka,
Zancen Barbushe ya zo ya cika,
Sai dai ɗana, bari in tambaye ka,
Wa ya yi murna da wannan cikawa?

Su da aka ce musu ga wani babba,
Tsoro suka ji, ba su yi guɗa ba,
Ku kuna ta jira, ba ku tambaya ba,
Ko in ya zo ɗin zai yi tunawa.

Masu tarihi suna sa hawan Bagauda a shekarar 999 Miladiyya. Na kawo Barbushe ne don tarihi, ba don ina gaskata duba ba, kada wani ya fita da ni.

Baba na Gwammaja:
Malam, Allah ya ƙara sani. Ku matsa wa tsoho, ni abin da na gani zan faɗa, ranar 17 ga Afrilu, 1983.

Alhaji ya ce sai mai buhuna,
Malam ya ja mu zamanin sarakuna,
Ni kuwa na ga miƙewa da idanuna,
Ba jita-jita nake kawowa.

Ranar da Malam Aminu ya rasu,
Talakawa suka ajiye sana'arsu,
Masu kura, 'yan koli da yaransu,
Gwammaja ta cika, ba wurin tsayawa.

Bai raba mana shinkafa da atamfa ba,
Ya koya wa talaka faɗin "ban yarda ba",
A gaban hakimi, bai sunkuya ba,
Jam'iyyar NEPU ke nan, ga mai tunawa.

Tela, in ɗan garinku zai bayyana,
Kar ku nemi jiniya ko manyan riguna,
Ku nemi wanda in an zalunci mai gona,
Shi ne na farko wajen tasowa.

Amma fa shi Malam Aminu haifaffen unguwar Sudawa ne a cikin birni, kada gidan maigarinku su ji su ce nasu ne.

Gwaggo ta Ƙofar Mata:
Sannunku da ƙoƙari, mazan fama. Ni kam "wa" ta cika mini kunne, na koma "ya". Mai jin haushi ya biyo ni.

Maza kun yi ta zuba, na saurara,
Kowa ya fito da gwaninsa na duniya.

Mai buhu, mai rawani, mai tuta,
Ba wanda ya koma bakin rijiya.

Ɗana tela, sake karanta baitinka,
Wa ya tarbi baƙo ranar wuya?

Maigari na zaure yana shan inuwa,
Liman ya tafi gona tun safiya.

Yarinya ce ta ajiye tulunta,
Ta zura guga, ta ja igiya.

Ba ta san malami ne ko mahaukaci ba,
Ba ta ce masa sai ka sha ka biya.

Da ya buɗe baki ya ce "jikoki",
Wa ke tsaye gabansa? Ita ɗaya.

Kun riƙe zancen shekara da shekaru,
Sunanta babu ko a tatsuniya.

'Ya mace kuwa ai ta gidan wani ce,
Wataƙila wani gari aka kai ta amarya.

To gida biyun nan da ba sa gaisawa,
Kan gadon wasu suke ta hayaniya.

Malam na Madabo, gyara mini in na kauce,
Akwai baƙar mace a Madina mai tsintsiya.

Ita ke share masallacin Annabi,
Da ya daina ganinta sai ya yi tambaya.

Aka ce ta rasu, an riga an rufe ta,
Ya ce: ku nuna mini kabarin. Ya kama hanya.

Ya je ya tsaya ya yi mata salla,
Tsayuwar nan ta fi ta birni gaba ɗaya.

Malam na Madabo:
Hajiya, babu gyara. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim, ruwayar Abu Huraira, Allah ya yarda da shi. Tun da kin buɗe ƙofar, bari in bi amsa-amonki in ƙara da wanda Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar.

Ga wanda aka yi bushara da shi da gaske,
Daga bakin da ba ya faɗin ƙarya.

Uwaisu Alƙarni, mutumin Yaman,
Bai ga Manzo ba ko sau ɗaya.

Alamarsa tabon cuta kamar dirhami,
Da uwa da yake yi wa biyayya.

Aka ce da Umar: in ka same shi,
Roƙe shi ya nema maka yafiya.

Duk sanda jama'ar Yaman suka iso,
Umar kan tare su yana tambaya.

Da ya same shi, ya ce: ina za ka?
Ya ce: Kufa zan yi tafiya.

Ya ce: in rubuta wa gwamna ya san da kai?
Ya ce: cikin talakawa na fi so in tsaya.

Da Uwaisu zai ratsa Kurmi a yau,
Mai turo kura zai ce masa: ba ni hanya!

Alhaji na Kwari:
Gwaggo da Malam kun haɗu mini. Ni dai ba na sauya kaya a tsakiyar ciniki, ina nan a kan "wa".

Gwaggo kin kayar da ni, na sha ƙasa,
Amma ban sallama ba, ina tasowa.

Guga da igiyar da yarinya ta ja,
Ai ba daga sama suke faɗowa.

Rijiyar ma wani ya biya mahaƙa,
Ya ciyar da su har ruwa na ɓullowa.

Hannu mai kirki in ba komai cikinsa,
Baƙo zai gode, ƙishi na ƙaruwa.

Malam, Usmanu ya sayi rijiyar Ruma,
Ya bar wa Musulmi, kowa na ɗebowa.

Da me ya saya in ba da dukiya ba?
Ku daina yi wa 'yan kasuwa harara da tsawa.

Tela, ita rijiyar taku tana nan?
Ko ita ma babban take jira ya zo gyarawa?

Tela na Fagge:
Iyayena, na ji duka. Na ɗan yi shiru ne saboda aikin biki ya taru mini, mutum uku na zaune a shago suna harara ta.

Gwaggo, baitinki ya tayar da ni tsaye,
Na kira Innata a ƙauye ta waya.

Na ce: yarinyar nan 'yar wane gida ce?
Ta yi jim, sannan ta saki dariya.

Ta ce: mu mata mun daɗe da sani,
Maza ne dai ba sa tambaya.

'Yar maƙera ce, na can bayan gari,
Waɗanda gidan maigari ba ya ba su 'ya.

An aurar da ita wani gari a arewa,
Daga nan labarinta ya ɓace a hanya.

Alhaji kuma, ka tambayi rijiyarmu,
In faɗa maka ne? Ina jin kunya.

Bakinta ya rufta, ba a yashe ta ba,
Gidan nan ya ce wancan ne zai biya.

Tsamiyar dai na nan, awaki na kwana,
Tsofaffi na nuna wa baƙi da sandar tafiya.

'Yan mata sai ƙauyen gaba da jarka,
Kafin su dawo an ci rabin safiya.

Allo da boko duk su same su a makare,
Malam ya yi faɗa, su sha bulala ɗaya.

Alhaji na Kwari:

To tela, ga nawa a gaban shaidu,
Siminti da ladan mahaƙa ni ke bayarwa.

Sharaɗi guda, maigari da liman,
Su zo Kwari tare, in ga suna gaisawa.

Gwaggo ta Ƙofar Mata:

Alhaji, ƙara mutum na uku a sharaɗin,
Sarkin maƙera, shi ne gaba a tafiya.

In an zo zaure a ba shi tabarma,
Kar in ji an bar shi tsaye a rariya.

Baba na Gwammaja:

Alhaji mun gode, Allah ya biya ka,
Sai dai mun san halin irinka,
Kar mu je mu tarar an zana sunanka
A jikin siminti kafin bushewa.

Alhaji na Kwari:

Baba, sunana ba zai hau ba, na yi alkawari,
Lambar shago dai, don masu nemowa.